Suma, Ɗaukewa da Daskarewa: Jinyar Wata Kwamfuta a Guci

Idan kwamfuta ta tsaya wa Bafaranshe cak ana tsakiyar aiki, kalma guda yake jawowa, ya ce ta yi « planté ». Shi ma mai Ingilishi tasa guda ce, wadda asalinta karo ne irin na mota. Mu kuwa da muka karɓi na'urar daga hannunsu, sai muka karɓo har da kalmar, shi ya sa daga Damagaram zuwa Magarya za ka ji matashi yana cewa ordinatarsa ta yi palante, kamar dai ya faɗi wani abu. Alhali bai faɗi komai ba. Daidai yake da mutumin da ya je likita ya ce ba shi da lafiya, ya ja bakinsa ya yi shiru. Na daɗe ina koya wa yara cewa kalma makami ce ta rarrabe abubuwa, amma ban taɓa ganin haka ƙuru-ƙuru ba kamar a bazarar 2025, lokacin da jinyar wata kwamfutar wasa ta kusa raba zumuncin gida biyu a Guci.

Mai kwamfutar ɗan yayata ne. Ya bar karatu a aji uku na koleji, ya yi cirani shekara huɗu, ya dawo da niyyar ya zauna gida. Shawararsa ita ce ya buɗe shago inda samari za su biya su buga wasan ƙwallo a majigi, wanda har yau suke kira FIFA ko da yake kamfanin ya sauya masa suna tun 2023, sannan da safe ya riƙa haɗa bidiyon biki da na suna, yana kuma zuba wa mutane fina-finai a waya. Saboda wannan aiki biyu ne ya ƙi sayen PlayStation, ya nace sai babbar kwamfuta. Bijimai biyu aka kai kasuwar Maigatari aka sayar, ɗaya nasa, ɗaya na mahaifiyarsa. Aka danƙa kuɗin ga ɗan baffansa mazaunin Kano, shi ya shiga kasuwa ya sa aka harhaɗa ta sabuwa ful, ya ɗoro ta a mota har iyaka, daga nan kabu-kabu ya ƙarasa da ita cikin yashi.

Kwana uku ta yi lafiya. Daga na huɗu ta fara abin da ta fara. Ana tsakiyar wasa, mutum ya biya kuɗinsa yana shirin jefa ƙwallo a raga, sai komai ya tsaya. Wata rana sau biyu, wata rana sau bakwai. Samari suka fara neman a mayar musu da kuɗinsu, maganar kuma ta bar shago ta shiga gida. Wasu suka ce kambun baki ne, yaro ya fito da abin da ba a saba gani ba. Amma zancen da ya fi yin kaifi shi ne cewa na Kano ya ci rabin kuɗin, ya sayo tsohuwa aka goge ta. Ita yayata ba ta ce komai ba, sai dai ta daina amsa gaisuwar da uwar yaron ke aiko mata. Duk wanda ya san gidajenmu ya san wannan shirun ya fi zagi.

Da aka yi hutun ƙarshen mako na je, na tarar ya riga ya yi abin da kowa ke yi. Ya goge Windows ya sake zubawa har sau biyu, ya sauya wayoyi, ya sauke wasan ya sake ɗorawa, ya bi shawarar mutum biyar a yini ɗaya. Kuma a waya an tsorata shi da labarin Intel. Labarin gaskiya ne: a watan Yulin 2024 kamfanin ya amsa cewa wasu ƙwaƙwalen kwamfuta nasa na zuriya ta 13 da ta 14 suna janyo wutar da ta wuce ƙima har su lalace a hankali, ya fitar da gyara a watannin Agusta da Satumba, ya kuma ƙara wa masu su garanti na shekara biyu. Muka duba takardun tasa, ba ta cikin wannan dangi ko kusa. Muka buɗe rajistar da Windows ke rubuta abin da ya same ta, muka iske layi iri ɗaya ya cika shafi: Kernel-Power 41. Wannan lamba ba ta cewa komai illa na'ura ta mutu ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba. Kamar mai shela ce, ta faɗi an yi rasuwa, ba ta faɗi ciwon ba.

Ni ba makanike ba ne, abin da na iya shi ne riƙe rajistar aji. Na sayi kaye mai shafi 32, na ja layi huɗu: ƙarfe nawa, me ake yi, me ke kunne a shagon, da kuma yadda ta mutu. Na ce masa kada a sake taɓa komai har kwana bakwai, a rubuta kawai. Ya ce, "Kawu, rubutu zai gyara inji?" Na ce a'a, amma zai hana mu yi wa mutum ƙazafi. Sharaɗi ɗaya na ƙara, wato an haramta kalmar palante a cikin kayen, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani da Hausa.

A nan ne abin ya ba ni sha'awa. Yaran da ke zaman shagon, waɗanda da yawansu ba sa iya rubuta layi biyu na dikte ba tare da kuskure goma ba, da aka hana su aron baki sai ga kalmomi suna fitowa. Wani ya ce ta suma, wato allon ya yi shuɗi, ya nuna rubutu, ta yi ɗan jim ta farfaɗo da kanta. Wani ya ce a'a, ta jiya ba suma ba ce, ɗaukewa ta yi, ɗif, kamar an hure fitila, ba shuɗi ba rubutu. Wani kuma ya ce da rana sai ta fara ɗingishi tukuna, hoto yana tafiya yana tsayawa, fankokinta suna gurnani, sannan ta daskare. Suka yi ta gardama a kan wace kalma ta dace da wace mutuwa, irin gardamar da nake roƙo a aji ba na samu. Ranar da na dawo na karanta kayen, an rubuta mutuwa 26, kuma kowa ya duba zai ga ba ciwo ɗaya ba ne, uku ne suka taru a jiki ɗaya. Shi ya sa duk maganin da aka yi a baya ya zama kamar bai yi ba: ko an dace da ɗaya, biyu suna nan.

Daskarewa ita ce mai sauƙi. Duk tsakanin azahar da la'asar take zuwa. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40 a inuwa, shagon rufin kwano, shi kuma don tsoron ɓarayi da ƙura ya sa kafinta ya yi mata akwatin katako mai kwaɗo, ya lulluɓe da darduma. Ƙwaƙwalwar irin wannan na'ura idan ta kusa digiri 95 zuwa 100 rage gudu take yi don ta tsira, shi ne ɗingishin. Aka fito da ita, aka ɗora bisa tebur nesa da bango, aka daina wasa a tsakar rana.

Suma kuwa ba ta da lokaci, kuma rubutun da ke fitowa a shuɗin allon sau da yawa MEMORY_MANAGEMENT ne. Mai karatu ya lura, Windows ɗin da Faransanci take, amma waɗannan lambobi da Ingilishi suke fitowa ko da wane harshe aka zaɓa. Maganar ta nuna wajen sandunan tuni, waɗanda masu gyara ke kira baret, inda na'ura ke riƙe abin da take aiki a kansa a wannan lokaci. Guda biyu ne. Muka sa manhajar gwaji mai suna MemTest86 ta kwana tana aiki, da safe ga kurakurai ja a jere. Muka cire ɗaya muka gwada ɗaya, lafiya. Muka musanya, ita ma lafiya. To ina ciwon? Da ya zo mayar da su ne ya ji ta biyun ta yi ƙas a mazauninta, ƙarar da ya ce bai ji alamarta ba lokacin cirewa, don kusan da kanta ta fito. Girgizar hanya ce ta sassauta ta. Duk wanda ya taɓa hawa babur a yashin da ke tsakanin Dungas da Guci ba zai yi mamaki ba, haƙoran mutum ma sai ya duba su idan ya sauka. Aka sake gwajin da duka biyun, dare guda cur, babu kuskure ko ɗaya.

Saura ɗaukewa, wadda ta fi yawa, ta kuma fi cin rai. Layi na uku na kayen ne ya tona ta, kuma wani yaro ɗan shekara goma sha biyu mai sayar da ruwan sanyi ne ya fara lura. Ya ce kafin ta ɗauke, kwan fitilar shagon yakan yi ƙyafta ido. Shagon ba ya kan layin wuta, da ƙaramin inji yake aiki, gurup ɗin nan da aka rubuta wat 900 a jikinsa. An zaɓe shi ne don tsimin mai, tunda tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kwalbar ruwa-ruwa ta daina araha. A kan wannan inji kwamfuta take, da talabijin, da cajin wayoyi, da kuma firizar ƙanƙara da aka jawo wa waya ta bayan shago. Firiza idan tana tafiya ba ta cin wuta sosai, amma a daƙiƙar da injinta zai tashi takan fizgi ninki da yawa na abin da ta saba ci. Abokin aikina malamin kimiyya ya zo da ma'auninsa, muka zauna muna jira. Firiza na tashi allurar ta faɗo ƙasa da 200. A jikin akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta kuwa an rubuta 200 zuwa 240, kuma ƙa'idar ƙera irinsa ba ta neman ya jure yankewar wuta fiye da kimanin kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa. Idan abin ya zo daidai da lokacin da wasa ya yi zafi, katin hoto yana zuƙar wuta iya ƙarfinsa, sai ɗif. Muka cire firizar yini biyu, ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Muka mayar, kafin magariba ta ɗauke sau uku.

Ba Guci kaɗai ba ce. Waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori sun ƙera su ne da ɗaki mai sanyi da wuta mai tsayuwa a ransu, mu kuwa ko biranenmu sun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba ta dawo ba sai a 2024. Na tabbata akwai na'urori masu yawa da aka yanke wa hukuncin jabu a ƙasar nan, alhali wuta da zafi da hanya ne suka kayar da su, akwai kuma ƴan aike da yawa da suka sha zargi a banza.

Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai ya shafe mu malamai da ƙungiyoyin raya harshe. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. An yi murna, ni ma na yi. Sai dai idan muka zauna taron ƙirƙiro kalmomi, jerin sunaye muke ɗaukowa daga ƙamus na Faransanci muna neman wa kowanne kishiya: allo, linzami, ma'ajiya. Sunaye ba su ne wahala ba, ko an ara ba a yi asara ba, baret ta zauna kuma ba na ganin laifinta. Inda harshe ke nuna ƙarfinsa shi ne aikatau, wato yadda yake faɗin abin da ya faru, kuma a nan Hausa ba ta bukatar kwamiti. Suma da ɗaukewa da daskarewa da ɗingishi suna bakin kowa tun kafin a haifi wanda ya ƙera kwamfuta, jira kawai suke a tambaye su. Da za a ji tawa, da kowane kwamitin kalmomi ya yi mako guda a rumfar masu gyaran waya da alƙalami a hannu kafin ya shiga zauren taro.

Firizar ta mahaifiyarsa ce, kuma ƙanƙarar da take sayarwa ita ke cefanen gidan, saboda haka cire ta ba magana ba ce. Aka yi sulhu: firiza ta sha wuta daga asuba zuwa la'asar, a kashe ta, kwamfuta ta karɓa har dare, aikin bidiyo kuma ya koma bayan an tashi wasa. Akwatin adana wuta, wanda Faransanci ke kira onduleur, an bar shi sai kaka idan an sayar da wake da riɗi. Kayen kuwa yayata ta sa aka karanta mata shi daga farko har ƙarshe, ta tambayi abu biyu a kan sandar da ta sassauta, ta yi shiru. Da Babbar Sallah ta zo a watan Yuni, ita da kanta ta ware cinyar rago, ta sa aka soya, aka ba direban da ke zuwa Kano.