Ranar da na tare hanyar mutanen Huisinis

Tsibirin Lewis da Harris yana arewa maso yammacin Sikotlan. Daga Ullapool jirgin ruwa kan yi kamar awa biyu da rabi kafin ya sauke mutum a Stornoway, babban garin tsibirin. Can na karɓi motar haya da sassafe. Na fara da Calanais, inda dogayen duwatsun da mutanen dauri suka kakkafa suke tsaye kusan shekara 5,000. Daga nan na yi kudu, na ratsa ta gindin dutsen Clisham, na kama hanyar Huisinis.

Hanyar nan faɗin mota ɗaya ce, ga kwana, ga hawa da gangara, teku kuma na gefe. Saboda haka aka yi mata ƴan wuraren kaucewa jefi-jefi, kowanne da farin allo. In mota biyu sun yi kiciɓis, wanda ya fi kusa da wurin kaucewa shi ke raɓewa, ɗayan ya wuce yana ɗaga masa hannu. Tun safe nake cin moriyar wannan tsari. An raɓe mini, ni ma na raɓe wa wasu. Na san amfanin wuraren nan sarai.

Bayan na wuce gidan sarautar Amhuinnsuidhe, sai teku ya buɗe a gabana, rana ta haska shi. Na duba gaba da baya, ba kowa. Na ce a raina ai minti kaɗan ne. Na shigar da motar wurin kaucewa, na kulle, na haye tudu da wayata ina ɗaukar hoto.

Daga kan tudun na hango wata mota mai jan akori cike da tumaki tana gangarowa, wata ƙarama kuma tana tahowa daga ɗaya ɓangaren. Suka haɗu daidai inda ya kamata su wuce juna, suka tarar da wurin a cike. Mai akori ba shi da halin komawa. Dole mai ƙaramar motar, wata dattijuwa, ta shiga ja da baya a kan kwana, taya na gab da bakin gangara. Ina tsaye ina jin haushin wanda ya jawo mata wannan wahala, sai idona ya sauka kan motar da ta tare wurin. Tawa ce. Makullinta na aljihuna. Gabana ya faɗi, na ruga a guje, amma kafin in iso matar ta gama shan wahalarta.

Mai tumakin bai ɗaga murya ba. Ya sauke gilashi ya ce, "Ɗana, motar asibiti ma ta nan take bi." Na ba shi haƙuri, ita ma na ba ta, kunya ta hana ni haɗa ido da su.

An ce baƙo makahon gari ne, sai dai ba zan fake da wannan ba, domin da idona na ga allon. Abin da ya ruɗe ni shi ne shirun wurin. Na ɗauka inda ba cunkoso ba haƙƙin kowa. Alhali ƙarancin mutanen ne ya sa hanyar ta zama ɗaya tilo: ta nan ake kai yara makaranta, ta nan ake kai marar lafiya asibitin Stornoway, tafiyar fiye da awa ɗaya. Abin da na zo kallo rana ɗaya, rayuwar wasu ce ta kullum.

Kai ma wata rana kyawun wani wuri zai ɗauke maka hankali, zuciyarka ta ce maka ai minti kaɗan ne. Kada ka saurare ta. Ka ci gaba har ka sami inda aka tanada don ajiye mota, ka tako da ƙafa ka yi kallonka.