Linzami Mai Gardama, Hikaya Mai Kama Zuciya

Duk wanda ya ratsa ta gaban shagunan gem na Dutsin-Ma da almuru, musamman tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011 garin ya cika da ɗalibai, ko kuwa ya leƙa irinsu a Kurfi, zai tarar galibi abu guda ake yi, wato ƙwallon ƙafa: samari biyu a kan benci, janareta na ruri a waje, a biya kuɗin wasa, wanda aka ci ya miƙa wa na bayansa linzami. Ba na kushe wannan. Sai dai akwai wani nau'i da ba kasafai ake ganinsa a nan ba, domin ba ya ƙarewa cikin minti goma balle mai shago ya yanka masa farashi, shi ne wasan da aka gina a kan hikaya, inda abin da mutum ya zaɓa yake bin sa har ƙarshe.

Ɗauki Heavy Rain, wanda kamfanin Quantic Dream na Faransa ya fitar a 2010. Linzaminsa, wallahi, jarrabawa ce: kafin mutumin da kake juyawa ya taka ƙafa sai ka danne maɓalli guda ka riƙe, sa'an nan ka karkata shi da ɗan sandan hagu, kuma sau da yawa ka nufi ƙofa ya nufi bango. Amma da labari ya kai inda aka sace wa Ethan Mars, ɗaya daga cikin mutane huɗu da ake juyawa a wasan, ɗansa, aka ba shi minti 5 ya datse gaɓar yatsansa in yana son a nuna masa hanyar da zai same shi, ga wuƙa ga zarto an watsar a ɗakin, sai ka ga mai wasa, wanda ɗazu yake tsine wa maɓallai, ya yi tsit, tafinsa ya jiƙe da gumi, yana ta shawara da ransa. In ma ɗaya daga cikin mutane huɗun da ake juyawa ya mutu, ba a ce maka sake gwadawa. Labari ya wuce ba shi.

Haka The Walking Dead na kamfanin Telltale, na 2012, wanda tafiya a cikinsa ma jan ƙafa ce. A kashi na biyu an miƙa wa Lee, mutumin da kake juyawa, abinci ɗan guntu huɗu, alhali mutum goma ne ke jin yunwa, cikinsu har da Clementine, yarinya 'yar shekara 8 da ya ɗauki amanarta, kowa kuwa idonsa na kan hannunka. Wanda ya taɓa rabon zakka ko naman layya a cikin dangi ya san nauyin wannan tsayuwa.

Masu suka suna cewa duk yaudara ce, tun da marubuta sun riga sun shata kowace hanya, kuma, a gafarce ni da tona asiri, Lee ba ya tsira ko me ka yi. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma ina ganin sun duba natija sun bar niyya. Malamanmu na tauhidi, da suka tsaya tsakanin Jabariyya masu kore zaɓi da Mu'utazila masu ɗora komai a kan bawa, sun yi magana a kan kasabi, cewa aiki halittar Allah ne, bawa kuwa ana yi masa hisabi a kan abin da ya nufa ya karkata gare shi. Allah Ya ɗaukaka daga a kwatanta Shi da mai tsara wasa, ba ƙiyasi nake yi ba. Abin da nake nufi kawai shi ne, mu da muka tashi da wannan karatu bai kamata ya zame mana baƙo ba a ce makoma rubutacciya ce, amma duk da haka zuciya ta ji alhakin abin da ta zaɓa.

Saboda haka nake yafe wa waɗannan wasanni taurin linzaminsu. Abin da ban yafe musu ba shi ne ɗan lokacin da suke bayarwa a karanta amsoshi cikin Turanci: kafin ƙanenmu da ke sakandare ya gama haɗa jimlar, lokaci ya cika, wasan ya ɗauki shirunsa a matsayin amsa.