Akwatin Wasiƙa Ma Yana Cika

Jama'a, akwatin imel kamar rumbu yake, yana da iyaka. Giga 15 Gmail ya ba ni kyauta, kuma wasiƙu da hotuna da takardun Drive duk a ciki suke cin wuri. In ya cika, wasiƙa ba ta shiga, ba ta fita. Mai aikowa a mayar masa da abinsa, kai kuwa kana nan Malanville kana ta jira.

Nawa ya cika ne bayan an rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya a 2023. Abin da a da ake kawo mini hannu da hannu sai ya koma imel: takardun haihuwar yaran da za su yi jarrabawar CEP, hotunan suna, bidiyon biki. Rubutu ba shi da nauyi, abin da aka liƙa masa shi ke cinye wuri.

Wani abokin aikina a lakwal ya ce in share duka in huta. Ban yarda ba, don Gmail ba ya cire liƙaƙƙen abu shi kaɗai, har da wasiƙar yake tafiya. Na rubuta larger:10M a wurin nema, sai manyan suka fito, galibinsu bidiyon biki ne da dangi suka turo sau uku-uku. Su na share, na kuma zubar da kwandon shara, in ba haka ba sai su yi kwana 30 suna tare wuri.

Takardun yara kuwa ban taɓa su ba. Nauyinsu kaɗan ne, kuma in ɗaya ta ɓata, sai uban yaro ya biya kuɗin kwalekwale ya ƙetare kogi neman wata.