Jinin Awakin Harbo

Mun bar Dutse da sassafe, muka bi ta Kiyawa, ni da wani abokina likitan dabbobi da kula cike da ƙanƙara, wadda ya hana kowa jingina da ita. Hantsi bai gama dubar ludayi ba muka wuce Jahun, muka gangara Harbo, inda fadama ke riƙe da ruwan kogin Haɗeja har cikin kaka.

Sati huɗu ke nan da aka yi wa awakin unguwar allurar rigakafin PPR, cutar da ke sa musu majina da zawo har ta share garke. Yau jini muka zo ɗiba. Wani saurayi ya danne akuya tsakanin cinyoyinsa, ya karkata mata kai, likita ya lalubo jijiyar wuya da babban yatsa, ya cika 'yar kwalba, ya rubuta lamba. Mai awakin, wata dattijuwa, ta tsaya a kanmu.

"Ɗan nan, ba kun yi musu allura ba? Jinin kuma na mene ne?"

"Inna, so muke mu ga ko allurar ta kama."

Gaskiyarsa. Maganin ba ya jure zafi, in ƙanƙara ta narke a hanya, ruwa kawai aka tsira wa dabba, kuma ido ba zai gane ba. Jinin ne ke faɗa. In ya daskare, sai a tace ruwan rawaya na samansa, a ɗiga a faranti mai ramuka 96, a nemi garkuwar da jiki ya ƙera. Abin da ya ba ni dariya, a wannan gwajin ramin da launinsa ya kasa fitowa shi ne na akuyar da ta samu kariya.

Aikin ya daɗe a ƙasar nan. Tun 1924 aka fara sarrafa ruwan jinin shanu a Vom, kusa da Jos, don yaƙar cutar bushiya, wadda sai 2011 aka bayyana ƙarewarta a duniya. PPR ƙanwarta ce, an ɗibar mata wa'adin 2030.

Da za mu tafi, Inna ta ba mu gyaɗa a leda, ta ce in sakamako ya fito a fara gaya mata na jar akuyar, ita ce mai ciki.