Ƙarfen Gado, Sabuwar Ƙota

Ana saura kwanaki kaɗan a fara yankan dawa, wani magidanci a ƙauyen da ke tsakanin Minjibir da Kunya ya zaro wuƙarsa daga kube zai yanke igiya, sai ya ji ruwan wuƙar ya juya a cikin ƙota. Da ya duba, ƙotar ta tsage tun daga baki har kusan gindi. Wuƙar gona ce da ya gada daga mahaifinsa. Da ita ake yanke kan dawa, a gyara igiyar ɗaurin dami, ranar layya kuma a yi fiɗa. Ya naɗe ta da robar tayar keke, ya ci gaba da aiki. A rana ta uku ta kufce, ta kafce masa babban yatsa. Raunin bai yi zurfi ba, amma ya isa gargaɗi, domin manomin da ya yi mako guda yana jinyar hannu da kaka ya bar amfaninsa ga tsuntsu da gara da dabbobin da za a saki.

Washegari ya kai ta maƙera. Dattijon maƙerin ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa ruwan a kan uwar maƙera, ya saurari amonsa.

"Baba, ko dai in haƙura in sayi sabuwa?"

"Haba ɗana. Ƙarfen nan da sauransa, zai kai jikokinka. Ƙotar ce ta gaji."

Abin da ya faɗa shi ne asalin al'amarin. Wuƙa abu biyu ce masu tsawon rai daban. Ruwanta, wanda maƙeran yau kan ƙera da tsohon sifirin mota, yakan shekara da yawa yana shan washi kafin ya ƙare. Ƙota kuwa itace ce, kuma itace yana shan ruwa yana fitarwa ko bayan an sare shi. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke. Ƙarfen da ke cikinsa ba ya bin sa a wannan kai da komowa, saboda haka kowace shekara ramin yana ƙara sakwarkwacewa, har ranar da zai tsage.

Sake ƙota yana da ƙa'idoji. Na farko, itacen ya zama busasshe sarai, domin ɗanye zai riƙe ƙarfe yau ya sake shi bayan wata biyu. Na biyu, a sassaƙa shi bisa tsawon jijiyarsa, a kauce wa wurin da reshe ya fito, don nan ne yake fara tsagewa. Maƙerin ya fasa tsohuwar ƙotar, ya kankare tsatsar da ta ci jelar ƙarfen, wato siririn ɓangaren da ke shigewa cikin itace. Ya huda ƙaramin rami a sabon guntun da aka rage masa kauri da gizago. Sannan ya naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma, ya sa jelar kaɗai a wuta, yaronsa yana zuga. Tsumman nan shi ne kariyar kaifi: idan zafi ya haura zuwa ruwan, taurin da aka ba ƙarfen ranar da aka ƙera shi zai tafi, wuƙar ta koma mai dakushewa da wuri.

Da jelar ta yi ja, ya cusa ta a ramin, hayaƙi ya tashi, ya zare. Ya maimaita har ƙarfen ya ƙona wa kansa mazauni daidai jikinsa. Bai bari ta shige duka da zafi ba, domin itacen da ya zama gawayi ba ya riƙo. Ɗan abin da ya rage, da sanyi ya buga shi ya shige. Daga nan ya sa zoben ƙarfe a bakin ƙotar don hana tsagewa. Wasu kan naɗa jiƙaƙƙiyar fata a wurin, wadda idan ta bushe take matsewa kamar an ɗaure da waya. A ƙarshe ya goge ƙotar, ya shafe ta da man kaɗanya.

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. Tarihin Kano ya danganta kafuwar birnin da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama a Dutsen Dala. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen waje da tarkacensa suka yawaita, narkar da tama ta ja baya har ta ɓace. Ƙarfe ya zama abin da ake samu a kasuwa ko a garejin makanikai. Itacen ƙota kuwa har yau daga gona yake fitowa, kuma a nan ne matsalar take.

Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 213,794 a ƙaramar hukumar Minjibir, a faɗin murabba'in kilomita 416, wato sama da mutum 500 a kowane murabba'i. A irin wannan ƙasa babu dajin da za a shiga a saro itace. Kowace bishiya tana cikin gonar wani, kuma tana da mai ita. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa yawan jama'a bai share bishiyoyin gona ba, domin manoma suna kiwon su kamar yadda suke kiwon dabba, suna datse reshe su bar uwa. Sai dai itatuwan da masassaƙa suka fi yarda da su wajen ƙota, irin su marke da kanya da aduwa, masu jinkirin girma ne. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne kuma aka fara dasa ta a Borno a 1928, tana girma da sauri, ta cika ƙauyuka, kuma ita ce take zuwa hannu da sauƙi. Wanda ya sare tsohuwar kanya ya sayar wa masu gawayi ya karɓi kuɗin mako guda, ya ɗauke wa unguwarsa ƙotocin shekaru masu yawa.

Ma'aikacin birni da ke aika wa gida kuɗin kayan noma yakan ga sabuwar wuƙa mai marikin roba ta fi sauƙi. Tana da araha, amma ranar da robar ta fashe, sau da yawa guntun ƙarfen da ke ciki bai kai a yi masa ƙotar kirki ba, sai a yar. A 2024 Tarayyar Turai ta kafa doka don tilasta wa kamfanoni sauƙaƙa gyaran wasu kayayyaki. A Minjibir gyara bai taɓa buƙatar doka ba. Yana buƙatar maƙeri da ke samun ciniki, da bishiyar da aka bari a gona. Hausawa sun ce da sabon gini gara yaɓe.

Maƙerin ya miƙa wa magidancin wuƙarsa, ya ce ya riƙe ya ji. Ƙotar ta ɗan yi masa kauri, aka ƙara sassaƙe ta har ta zauna a tafinsa.

"Wannan ita ce ta uku da na sa mata," in ji dattijon. "Biyu a hannun mahaifinka."

Da yamma magidancin ya biya ta gonarsa. A kan iyaka akwai ɗan tsiron aduwa da ya yi niyyar nome shi tun da damina, saboda ƙayarsa tana kama masa riga. Ya tsaya ya dube shi, sannan ya tattaro ƙaya ya kewaye shi don kada awaki su ci.