Ranar Da "Saiti" Ya Ci Rediyona

Mai karatu, ka taɓa lura da yadda 'yar kalmar Turancin nan, "set", ta shige bakinmu ta koma "saiti"? Ni dai sai da ta ja mini asara na lura.

Ana gab da bikin ƙanwata a Zuru, Inna ta ƙirgo kuɗi ta ce, "Je ka sayo wa amarya saiti." Na dawo da saitin kofunan shayi ina washe baki, ashe kwanukan jere take nufi. Mai shago ya ce ba a mayarwa. Dole na sayar da rediyona na sayo kwanukan.

Ka ga, kowa da saitinsa. Baba, tsohon sojan da ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, saitin bindiga ya sani: ka kuskure, a bakin ranka. Mai gyaran agogo lokaci yake saitawa. 'Yan fim kuwa in suka ce suna "kan set", wurin ɗaukar shiri suke.

Ranar Baba ya harare ni ya ce, "Yaron nan ba shi da saiti!" Wannan kam ban nemi fassara ba. Amma tun daga nan, duk wanda ya aike ni sai na tambaya: saitin me?