Ƙauyukanmu Jari Suke Nema

Rubutun nan yana da tsawo, ku daure ku karanta, musamman ku da Allah ya buɗa wa a birni alhali a ƙauye aka binne cibiyarku.

Duk shekara idan azumi ya matso, motoci sukan kama hanyar garuruwanmu da shinkafa da gero da sukari. A yi layi a ƙofar gidan mai gari, a raba, a yi addu'a. Alheri ne, Allah ya saka wa masu yi, wanda ya san yunwa ba ya raina kwanon gero. Sai dai kafin a gama Sitta Shawwal buhun ya ƙare, baɗi kuma mutanen nan ne za su sake dawowa layin, har da 'ya'yansu da suka yi aure. Shekara da shekaru muna bayarwa, layin kuwa tsawo yake ƙarawa. Ya kamata mu tambayi kanmu dalili.

Manominmu ba rago ba ne. Abin da ke karya shi lokaci ne. A tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki, ga zazzaɓin yara, sai ya ci bashi a kan amfanin da bai ma nuna ba. Kaka ta yi, kowa ya fito da hatsi a mako guda, farashi ya faɗi, shi kuma dole ya sayar ya biya bashi, ya aurar da 'ya. Mai kuɗi ya saye ya kai sito. A mafi yawan shekaru, kafin wata damina ta yi nisa, manomin nan zai koma kasuwa ya sayi geron da ya noma da hannunsa a kan tsada.

Haka abin yake ga mai noman rani. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, yankin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ya zama gidan tumatir. Amma idan kaya ya yi yawa a kasuwar Kwanar Gafan, mai tumatir ba shi da bakin ciniki, domin kayansa ba sa jiran gobe. Riɗinmu da zoɓorodonmu suna bi ta kasuwar Dawanau su fita ƙasashen waje kusan yadda suka fito daga gona. Ribar noma mai kauri tana wajen wanda ya iya ajiyewa da wanda ya iya sarrafawa, kuma duk biyun jari suke buƙata. Da yake babu jarin a ƙauye, ribar ba ta kwana a can. Shi ya sa da an gama girbi samari suke cika motoci zuwa Legas da Abuja da Fatakwal cin rani, wasu acaɓa, wasu ga-ruwa, wasu gyaran takalmi, a bar gari da tsofaffi da mata da yara.

Maganin ba baƙo ba ne a wurinmu. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, da fataucin goro ya tashi, sannan ya shiga gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Ba shi kaɗai ya tara dalar gyaɗa ba. Yara yake da su a garuruwa, yana ba su kuɗi su saya masa, suna samun nasu, har wasu su zama iyayen gidan wasu. Tsarin attajiran ƙasar Hausa ke nan tun da: ubangida ya ɗauki yaro, ya koya masa ciniki, ya jarraba amanarsa, ya ba shi jari, ya yaye shi. Aliko Ɗangote ma, wanda ya fito daga wannan zuriya ta wajen mahaifiya, da rancen da ya samu a cikin dangi ya fara kasuwanci a ƙarshen shekarun 1970. Idan har irinsa sai da wani ya yarda da shi ya danƙa masa jari, ina ga yaron da ke ƙauye, wanda ba shi da takardar fili da banki zai karɓa jingina?

Kada kuma mu ɗauka sai da miliyoyi. A 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara mai suna Mata Masu Dubara. A kan adashen da iyayenmu mata suka sani aka gina shi. Mata su haɗu duk mako, kowacce ta zuba abin da take iyawa a akwati, mai bukata ta ranta ta sayi gyaɗar ƙuli-ƙuli ko ɗan akuya, ta biya, idan zagaye ya cika a raba abin da aka tara. Ba wanda ya kawo musu kuɗi daga waje, horo kawai aka ba su. Wannan dubara da ta tashi daga ƙauyukan Hausawa yau ana aiki da ita a ƙasashe da dama na Afirka har da Asiya. Ta tabbatar da cewa matar ƙauye ta iya lissafi, ta iya riƙon amana. Abin da take nema a buɗe mata hanya.

Addininmu ma can ya nuna mana. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibar, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta kawai ake bayarwa. Wannan shi ne waƙafi, sadakar da uwarta ke nan tana haihuwa. Ita zakkar amfanin gona, ɗaya bisa goma ce ga noman damina, rabin haka ga wanda ya sha wahalar ban ruwa, kuma talakawan inda aka noma su suka fi cancanta da ita. Wasu manyan malaman fiƙihu sun ce mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa, ɗan kasuwa a ba shi abin da zai juya. Manufar ita ce wanda ya karɓa bana ya daina karɓa, wata rana shi ma ya fitar. Mu kuwa mukan yanka zakkar ƙanana-ƙanana mu raba wa mutum ɗari, kowa ya yi cefanen kwana biyu.

To me ɗan gari zai iya yi? Ya gina sito ya mai da shi waƙafi, manomi ya ajiye buhunansa a kaka, a ranta masa abin biyan bukata ba da ruwa ba, ya sayar idan kasuwa ta gyaru. A Nijar manoma sun daɗe suna irin wannan ajiya ta hannun ƙungiyoyinsu. A samar da buhun PICS mai ninki uku, wanda ke tsare wake daga ƙwari ba tare da an zuba magani ba. A saya wa ƙungiyar mata injin matsar man gyaɗa ko na casar shinkafa. A haɗa wa samari huɗu ko biyar injin ban ruwa mai aiki da hasken rana a fadama. A yi wa masu kauɗa wurin shanya mai tsabta, maimakon gefen titi. A ba bazawara jajayen awaki biyu, idan sun haihu ta miƙa wa maƙwabciyarta 'ya guda. Wanda ke da shago a kasuwar Kwari ko ta Singa ya ɗauki yaro ɗaya daga garinsu da niyyar yaye shi. Wanda ba shi da kuɗi amma yana da ilimi, ya koya wa ƙungiya rubuta shiga da fita, ko ya nemo musu mai saye a birni.

Na san abin da wasu za su ce: an sha ba su sun cinye. Yakan faru. Amma mu duba yadda ake bayarwar. Mutumin da gidansa ba abinci, aka miƙa masa keken ɗinki aka ɗauki hoto aka tafi, ba horo, ba mai waiwayarsa, dole ya sayar ya ciyar da iyali. Jari yana son bibiya. A zaɓi wanda ya riga ya fara sana'ar, a ba su a ƙungiya yadda za su tsare juna, a sa liman da mai gari da wakiliyar mata su shaida, a karanta lissafi a bainar jama'a. Mutanen da suka riƙe gayya da adashe tun kaka da kakanni ba za su kasa riƙe wannan ba.

Wasu kuma za su ce ina maganar jari a garin da 'yan bindiga suka hana noma? Gaskiya ne, a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato rai ake ta nema, kuma tsaro haƙƙi ne a wuyan hukuma. A can ciyarwa ita ce kan gaba, kada a fasa. Amma garuruwan da ke zaune lafiya suna da yawa, kuma saurayin da ke da sana'a a hannu ya fi wuyar yaudara.

Roƙona gare ku, 'yan uwa, kada ku daina kai buhun azumi, tsoho da maraya da mara lafiya suna jiransa. Amma cikin abin da kuka ware bana, ku cire kashi ɗaya bisa uku ku mai da shi jari a hannun mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya a garinku, ku bi sawunsa har shekara ta zagayo. Ku kai maganar nan taron ƙungiyar ci gaban garinku. Wanda kuma ya taɓa gwada irin wannan, ya faɗa mana yadda ta kaya, mu ƙaru da juna.

Allah ya sanya albarka a dukiyarku, ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, ya sa mu dace. Amin.